Allon Waya da Duwatsu: Inda Aikin Ya Kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu da ke Tudun Wada a Kaduna ta tsayar da aikin wannan zango. Za mu warware matacciyar wayar salula, mu kafe kowane sashe a jikin allon katako, mu ajiye dutsen da aka ciro ƙarfensa a gefe, sannan mu ja zare daga dutsen zuwa inda ake haƙo shi a taswira. Ni ke kula da yaran, kuma a nan zan riƙa rubuta abin da aka yi. Sharaɗina shi ne dutse na gaske za a ɗora, hoto sai inda abin ya gagara.

Mun samo falanki da ƙusoshi a Panteka. Wani mai gyaran waya a bakin Kasuwar Sheikh Gumi, wanda ƙanensa ɗalibinmu ne, ya tara mana matattun wayoyi cikin leda. Dokoki uku na kafa tun yau: ba mai huda batir, ba mai kai fanel, wato faifan da ke ɗauke da ƙananan sassan cikin waya, kusa da wuta, ba mai taɓa asid. Na san dalilin da ya sa na faɗa, domin tun kafin mu tashi wani ya fara tambayar yadda ake cire zinarin.

Asabar, 18 ga Janairu

Mai gyaran ya zo da kayan aikinsa, da sanyin nan da hazo, ya yi mana fiɗar wayoyi biyu, tsohuwar Nokia mai madannai da wata Tecno ta shafawa. Hannunsa ya fi nawa sanin cikin waya nesa ba kusa ba, don haka na koma gefe ina rubutu.

Abin da ya fara nunawa shi ne ɗigo-ɗigon farin ƙarfe da ke riƙe da kowane ƙaramin abu a jikin fanel. Kuza ce. Dalmar liƙin da masu gyara suka saba da ita kashi 63 kuza ce, kashi 37 dalma, tana narkewa a maki 183 na ma'aunin Salshiyas. Ya ce liƙin kamfani ya fi taurin kai, sai ya ƙara wa na'urarsa zafi. Gaskiyarsa. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki, sai kamfanoni suka koma haɗin da kusan dukansa kuza ne, da ɗan azurfa da jan ƙarfe, shi kuwa sai wajen maki 217 yake narkewa. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a wannan liƙi take ƙarewa.

Ya ciro ƙaramin injin da ke sa waya rawa idan an kira. A bakinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, bai kai ƙwayar wake ba. Tangistan ne, kuma an zaɓe shi saboda nauyi: ya ninka baƙin ƙarfe fiye da sau biyu, nauyinsa ɗaya da zinari. A cikin sifika kuma ya nuna mana maganaɗisu mai ɗan karen kamu, wanda ake haɗawa da niyodimiyam, da baƙin ƙarfe, da boron.

Zinarin yana nan, a bakin wurin saka sim da kan ƙananan haƙoran haɗi, amma shafe ne kawai don kada su yi tsatsa. Waya ɗaya ba ta wuce kimanin giram 0.03 ba. Na bar yaran su yi lissafi da kansu, suka gano sai an tara waya sama da 30 kafin a ga giram guda, idan ma ba a yi asarar komai ba wajen cirewa. Na ƙara musu da labarin Japan, da ta tara tsofaffin wayoyi sama da miliyan 6 da sauran tarkacen lantarki don ƙera lambobin gasar Olamfik ta Tokyo 2020, zinarin da aka samu duka kilo 32 ne. Mai tambayar makon jiya ya yi shiru.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau taswira muka yi, kuma na daɗe a kanta, domin in ba a fahimci wannan ba sauran aikin haddar sunaye ce kawai.

Duwatsun giranit na arewacin Najeriya gida biyu ne. Akwai tsofaffi, masu kimanin shekara miliyan 600, irin su Kufena a Zariya da falalen duwatsun Kajuru. Akwai kuma na baya-bayan nan, waɗanda shekarunsu ke tsakanin kimanin miliyan 210 da miliyan 140. Su waɗannan a da tushen duwatsu masu aman wuta ne. Saman ya zaizaye, sai gindin ya rage a zagaye, shi ya sa idan ka dube su a taswira za ka gan su zobe-zobe. Sun haura 50 a ƙasar nan. Jerin ya taso tun daga tsaunukan Ayar a Nijar, ya biyo ta Ririwai a Jihar Kano, ya cika tudun Jos, ya ƙare a Afu ta Jihar Nasarawa, kuma iya gangarowarka kudu iya ƙarancin shekarunsu. Jihar Kaduna na da rabonta: Kudaru a kan hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka, da tsaunin Kagoro.

Kowane gida da abin da ya haifa. Na baya-bayan nan su ne uwar kuzar Jos da kolombait, a Ririwai kuma har da dutsen tangistan da na tutiya. Tsofaffin kuwa sun bar jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi da ake kira fegmatait. Yadda abin yake, idan narkakken dutse yana sanyi a can ƙarƙashin ƙasa, sinadaran da suka saba su ne ke fara daskarewa. Waɗanda ba su sami gurbi ba, irin litiyam da tantalam, sai su taru a ragowar ruwan, ragowar ta kutsa cikin tsagogin dutse ta daskare a can. Irin waɗannan jijiyoyi sun yi ɗamara daga yankin Jama'a da Wamba har zuwa ƙasar Yarabawa.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, to ke nan kowane dutse aka fasa za a samu?" A'a. Mafi yawan jijiyoyin ba komai a cikinsu sai farin dutsen ƙanƙara da makamantansa, masu arzikin 'yan kaɗan ne. Da kowane dutse na da shi, da ba a yi rububinsa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace armashi zuwa yanzu. Kakan wani ɗalibi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza a Bukur kafin ya dawo Kakuri aikin masaƙa, ya zo mana da ƙullin baƙin yashi da 'yan'uwansa suka aiko masa. Ya ce a kawo ƙwarya da bokitin ruwa. Ya zuba yashin, ya gauraya da na bakin Kogin Kaduna da muka ɗebo, ya fara juyawa yana karkatarwa kamar mai regen shinkafa. Farin yashi ya bi ruwa, baƙin ya kwanta a gindi.

Dalilin a fili yake. Dutsen kuza ya ninka ruwa nauyi kusan sau 7, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Ga shi ba ya ruɓewa. Giranit ya shekara miliyoyi yana marmashewa, ruwan sama yana kwashe mai sauƙi, kuza tana taruwa a gindin rafuka. Abin da Baba ya yi a ƙwarya, shi rafukan Filato suka yi, shi ya sa yawancin kuzar Jos wanke ta aka yi daga ƙasar tsofaffin magudanai, ba fasa dutse aka yi ba.

Na ce, "Baba, a ba yaran nan labarin kamfani." Ya ce, "Malam, ai kuza ta girmi kamfani." Haka ne kuwa. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Ririwai da Liruwen Dalma, ana zuba ta sirara-sirara, fatake na kai ta kasuwanni. Ganin waɗannan sandunan ne ya sa Turawan kamfanin Neja suka bi sawu har tudun Jos a 1902 da 1903. Zuwa 1914 an shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos don jigilarta, aka rufe shi a 1957. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kai su Filato aikin tilas. An kafa masana'antar narka kuza a Makeri a farkon shekarun 1960. Farashi ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar kududdufai.

Bayan ya shanya baƙin yashin, mun bi ta kansa da maganaɗisun sifika a cikin leda, ya kwashe mai baƙin ƙarfe. A ragowar Baba ya nuna mana kolombait. Ya ce da can zubar da ita ake yi, sai kwatsam ta yi daraja aka koma ana tone juji. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita. Yaran sun so su rubuta mata "abin da ke cikin waya", na hana. Kolombait ɗin Jos niyobiyam ya fi yawa a cikinta, shi kuwa galibi ƙarfafa baƙin ƙarfe ake yi da shi. 'Yar'uwarta tantalait, mai yawan tantalam, ita ce ta waya, kuma an fi samunta a jijiyoyin fegmatait. Da tantalam ake yin wasu ƙananan ma'ajiyan caji, waɗanda muka gani rawaya-rawaya a fanel ɗin Nokia.

Maganar ta zo daidai da labaran wannan mako. 'Yan tawayen M23 sun shiga Goma a gabashin Kwango, kuma tun Afrilun 2024 suke riƙe da Rubaya, ɗaya daga cikin manyan wuraren haƙar wannan dutse. Kwango da Ruwanda ke fitar da fiye da rabin tantalam ɗin duniya, Najeriya ma tana sahun gaba. Tun 2010 Amurka ta yi dokar da ke tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta bayyana ko kuza, tantalam, tangistan da zinarinsu daga yankin yaƙin suka fito. Yaƙin dai bai tsaya ba.

Yashin yana cikin kwalba a rufe. Ragowar wankin kuzar Jos na ɗauke da monazait, mai sinadarin toriyam da ke fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Ɗan abin da ke hannunmu ba abin tsoro ba ne, amma ba na son yara su shaƙi ƙurarsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na yi gwajin kuza ni kaɗai a ɗakin gwaji, yara na kallo daga nesa. Na yanko kwanon tutiya na tsohon batirin tocila, na ɗora ƙwayoyin a kai, na ɗiga asid mai rauni. Bayan ɗan lokaci suka yi farin shafe, da na goge sai ƙyalli. Kuza ce tabbas. Ita ce dutse na farko da ya hau allo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu don ganin sassaƙen Nok. Na saka wannan a cikin aikin ne saboda masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da waɗannan kawunan yumɓu a 1928, kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, sannan Bernard Fagg ya bi diddiginsu a shekarun 1940. Sun haura shekara 2,000. Ba su da gurbi a allon, amma za mu manna ɗan bayani a gefen kuza.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Batir. Ba mu buɗe ko ɗaya ba, zane muka yi. Gefe ɗaya haɗin litiyam da kobalt ne a kan siririn alminiyam, ɗaya gefen girafait ne, irin bakin fensir, a kan siririn jan ƙarfe. Idan ana caji litiyam na ƙaura zuwa cikin girafait, idan ana amfani da wayar ya dawo. John Goodenough ne ya gano haɗin kobalt ɗin a 1980, kamfanin Sony ya fara sayar da irin batirin a 1991, aka ba Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019.

Wani mai fataucin duwatsu da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Nasarawa ya ba mu guda biyu da ya ce na litiyam ne. Ɗaya ruwan hoda ne mai ɗan shuɗi, yana ɓarewa falle-falle yana ƙyalli, wato lefidolait. Ɗayan fari ne mai dogayen tsagogi, ya ce shi ne mai tsada, sifodumin. Na farkon kamanninsa sun isa shaida. Na biyun kuwa yana kama da wasu fararen duwatsu marasa amfani, kuma da yawa sun yi asarar kuɗi a kan haka, don haka ba zai hau allo ba sai an gwada. Abin daɗi, ba sai mun je nesa ba: ɗakin gwaje-gwajen Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1919, a nan Kaduna yake. Shugaban makaranta ya sa hannu a takardar roƙo.

Litiyam na duniya hanya biyu yake fitowa. Ostireliya, wadda ta fi kowa, daga dutse take samu, irin wanda ke hannunmu. Chile kuwa ruwan gishirin ƙarƙashin hamadar Atakama take janyowa ta shanya a manyan tafkuna. Kobalt ba mu da dutsensa, hoto za mu sa. Sama da kashi 70 cikin 100 daga Kwango yake, yankin Kolwezi, inda yake fitowa tare da jan ƙarfe.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mun fara jan zare, nan take tsarin ya nuna gazawarsa. Mun ja daga liƙin fanel zuwa Jos, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, wa ya ce kuzar wannan wayar ta Jos ce?" Ba wanda ya ce. China da Indonesiya su ne manyan masu haƙo kuza. Tamu ma idan ta fita, tana shiga tukunyar narki tare da ta wasu ƙasashe, daga nan ba mai iya ware ta. Haka litiyam: ko na Ostireliya ne ko na Nasarawa, mafi yawansa sai ya bi ta matatun China kafin ya zama abin da za a sa a batir.

Saboda haka mun ƙara layi na huɗu a allon. Da sashe, dutse, da wurin haƙa ne kawai. Yanzu akwai wurin tacewa. Zare ja na haƙa, shuɗi na tacewa. Jajayen sun bazu ko'ina, Afirka, Kudancin Amurka, Ostireliya. Shuɗayen kuwa sun cunkushe a kan ƙusa ɗaya har sai da muka ƙara ta biyu a gefenta. A ganina wannan layi ya fi sauran ukun faɗin gaskiya. Mun saba da kirarin Allah ya yi mana arzikin ƙasa, kuma ya yi, amma mai buhun dutse ba shi ke yanka farashi ba.

Wasu sinadaran ma ba su da dutsen kansu. Indiyam, wanda ake shafa wa gilashin waya haɗe da kuza don ya ji taɓin yatsa, daga dattin tace tutiya ake tsamo shi. Galiyam, da ke cikin sashen da ke ƙarfafa sigina, daga tace dutsen alminiyam. Gini na fitar da wannan dutse jirgi-jirgi, amma kusan duk galiyam ɗin duniya China ke yin sa. A Agustan 2023 China ta ce sai da lasisi za a fitar, a Disambar 2024 ta hana sayar wa Amurka. Maganaɗisun sifika ma zarensa biyu duk can suka nufa, jan ya sauka a mahaƙar Bayan Obo ta China.

Silikon ya ba yaran dariya, domin dutsensa a bayan aji muka tsinto, farin dutsen ƙanƙara. Sai dai tukunyar da ake narka silikon na ƙwaƙwalwar waya tana bukatar mai tsabtar da ba a cika samu ba, kuma kaso mai yawa daga wani ƙaramin gari yake fitowa, Spruce Pine a Amurka. Da guguwar Helene ta yi musu ambaliya a Satumbar 2024, sai da haƙar ta tsaya na ɗan lokaci.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, mun rage zama zuwa awa ɗaya da safe.

Zinari muka tattauna. Ana haƙarsa a Birnin Gwari tun zamanin Turawa, amma ba zan kai 'ya'yan mutane can ba, kowa ya san dalili. Za mu sa farin dutse mai jijiya a matsayin misalin inda yake zama. Muhawarar ita ce me za a rubuta a ƙarƙashinsa. Wasu na son a tsaya kan amfaninsa a waya. Na dage sai an sa Zamfara. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega, saboda dutsen zinarin yankin cike yake da dalma, ana kuma daka shi ana niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Ga kuma zaiba da ake kama zinarin da ita a ƙona, hayaƙin ya shiga huhu. Cikin ɗalibanmu akwai waɗanda yayyensu ke wannan aiki, su ne ma suka fi goyon bayan a rubuta.

Kwango ta dakatar da fitar da kobalt na wata huɗu tun ƙarshen watan jiya, saboda farashi ya faɗi. Mun ƙara a katinsa.

Laraba, 12 ga Maris

Kuza, kolombait, lefidolait da dutsen ƙanƙara sun hau allo da katunansu. Girafait mun sa bakin fensir na wucin gadi, mai fataucin ya yi alkawarin kawo na yankin Birnin Gwari. Kobalt, niyodimiyam da galiyam hotuna ne. Farin dutsen da aka ce sifodumin ne yana wajen gwaji, an ce mu dawo bayan Sallah. Tangistan da tantalait har yanzu babu. Baba ya ce yana da wani tsohon abokin aiki a wajen Ririwai, zai aika masa saƙo.

Ƙura ta fara cin katunan, don haka muna bukatar gilashi a fuskar allon, kuɗin ƙungiya kuwa ya ƙare a falanki da zare. Mai gyaran ya ce zai yi magana da wani mai yankan gilashi a Panteka. Ragowar wayoyin da batiransu suna cikin bokitin yashi a sito, ba za mu ba 'yan jari-bola ba sai mun san ba ƙona su za a yi ba. Zama na gaba ranar Asabar: rubuta katin jan ƙarfe, da auna faɗin allon don a san girman gilashin.